Kai ƙananan yara Muze na Yamai: akwai riba ko wahalar banza ce?

Maman_Ukku_Tawa
Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Muna zaune Tawa, kuma in Allah ya kai mu hutun lakwal na ƙarshen Disamba za mu sauka Yamai bikin ƙanen maigidana. Bayan an watse biki muna da wuni guda da babu komi kafin mu kama hanyar gida. Ni na ce a kai yara Muze, wato gidan tarihi na Boubou Hama. Babbar shekararta 8, mai bi mata 5, auta 3. Maigida ya ce wahalar banza ce: wai auta ba abin da zai tuna, mai 5 tsoron zaki zai ji ya hana mu barci da dare, ita kuwa babbar za ta karanta a littafi in ta kai ajin. Ya ce a bar su su huta gidan gwaggonsu. Wata maƙwabciyata kuma ta ce in dai gidan tarihi ne, akwai na Doso bisa hanyarmu, ba sai mun shiga cunkoson Yamai ba. Waɗanda suka taɓa kai yara ƙanana, don Allah ku faɗa mini gaskiya, yaro yana tsintar wani abu a wurin ko dai gajiya kawai ake kwasowa?

ƊanBukoki
Wa alaikumus salam. Hajiya ki kai su, gani ya kori ji. Kuɗin shiga ba wani abu ba ne ga ɗan ƙasa, na yara ma ya fi sauƙi. Sai dai ku yi sammako, don fili ne babba, wajen hekta 24, kuma duk yawon a ƙafa ake yin sa.

Tanti_Yantala
Ƴar'uwa, ni da na yi renon nawa na koma renon jikoki, ga abin da na gani. Kada ki yarda su fara da namun daji. Yaron da ya ga dorina ta buɗe baki ba zai ƙara yarda ya shiga ɗaki ya tsaya gaban rigunan sarauta a cikin gilashi ba, ko da kuwa kin yi masa alkawarin gato. Ki fara da ɗakuna tun hankalinsu na jikinsu, biyu ko uku sun isa, sannan ƙasusuwan dinozor, sannan dabbobi a ƙarshe.

Keken tura jariri kada ma ki ɗauko, rairayi ne da gangare. Ki zo da zanen goyo, don auta zai nemi baya kafin awa guda. Ruwa ki ɗauko da yawa, da ɗan abin taɓawa, dabino ko ƙosai ko biskit, da wandon canji na auta. Disamba kuma da safe akwai sanyi da ƙura, a sa musu rigar sanyi da za a iya tuɓewa in rana ta ɗaga.

Baban_Walid
Tanti ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. Dabbobi da sanyin safiya suke motsi. In kika bari sai rana ta take, zaki ya miƙe a inuwa ya juya maki baya, kura ta shige lungu, yaro ya tsaya yana tambaya ko sun mutu ne. Kuma yaron da aka ce masa tun a gida zai ga zaki, duk ɗakin da kika shigar da shi abu ɗaya zai yi ta faɗa, ina zakin? Gara ya gani hankalinsa ya kwanta. In rana ta fara zafi sai a shiga ɗakuna a sha inuwa.

Tanti_Yantala
Baban Walid, kai ɗa guda gare ka kuma a kafaɗa kake ɗaukarsa. Ka jira su kai uku.

Alhaji_Mai_Taya
Ni dai ina bayan maigida. Ku duba lamarin da kyau. An yi kwanaki ana hidimar biki, yara ba su yi barcin kirki ba, gobe kuma za a zauna cikin mota a ci kilomita wajen 550 zuwa Tawa. A tsakani kuma a ce a kwashe su a yi ta yawo cikin rana? Kuma kuɗin shiga da ake cewa kaɗan ne, ba shi ne kashe kuɗin ba. Taksi zuwa da dawowa, ruwan sanyi, yawur, mai hoto, ga masu sana'ar hannu da jaka da takalmi da azurfa, uwargida ta ce a tsaya ta duba kawai. Mutumin da ya gama hidimar auren ƙanensa aljihunsa ya san abin da ya gani. Ku riƙa tausaya wa maza.

Mushe_Ritaya
Alhaji, maganarka ta gajiya gaskiya ce, amma bari in taɓa wadda maigida ya yi, cewa yarinya za ta karanta a littafi. Na yi rayuwata ina koyarwa a firamare, daga ƙauyukan Madawa har Yamai. Yaron da ya taɓa ganin abu da idonsa, ranar da aka zo darasin hannunsa ne farko a sama, kuma shi ke ba sauran labari a lokacin hutu. Wanda bai gani ba hadda yake yi, ya zuba a jarabawa, ya manta.

Shi kansa gidan don haka aka yi shi. An buɗe shi a 1959, tun kafin samun ƴancin kai, kuma mutumin da aka sa wa gidan sunansa, Boubou Hama, malamin lakwal ne kafin ya zama shugaban majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974. An haife shi a Foneko wajen Tera a 1906, ya rasu a 1982. Shi da wani Bature, Pablo Toucet, wanda ya fara riƙe gidan, ba su gina babban bene guda mai ban tsoro da sai mai takalmi zai shiga ba. Ƙananan ɗakuna suka warwatsa cikin fili, irin ginin Hausa da zanen shuɗi da fari, suka haɗa da dabbobi da masu sana'a da bukkokin kowace ƙabila, don talaka da bai yi boko ba ya shigo ya ga kansa a ciki. Ɗiyata, mai shekara 5 ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin shekarun nan da na lissafa. Abu guda zai ɗauko, wataƙila haƙorin kada, wataƙila gangar da ya gani, ya yi ta tambayarki a kai har ku wuce Dogon Dutsi. Wannan tambayar ita kika je nema.

Ummu_Hanan227
Mushe ya gama magana. Tawa ƴar tana da shekara 4 lokacin da muka je. Ba zaki ba dorina, abin da ya tsaya mata a rai jimina ce, wai me ya sa kaza ta yi tsawo haka. Har yau in ta ga zakara sai ta ce bai ci abinci ba ne shi ya sa bai kai waccan ba.

Sani_Kabukabu
Ku ce mata kada ta je ranar Salla ko washegari. Yaran Yamai duka can suke zubewa. Mu da ke kai mutane bakin ƙofa mun sani.

ƊanBukoki
Sani, Disamba ta ce, ba Salla ba. Amma ranar 1 ga Janairu ma a kiyaye, ana cika.

Inna_Talaje
Tunda an ambaci cunkoso. Wata Salla ƙarama aka haɗa yaran gidanmu aka ba wata budurwa ƴar wan mijina ta kai su. Ta tsaya ɗaukar hoto da ƙawayenta, ɗana mai shekara 5 ya sulale. Sai da aka yi ta nema hankali a tashe kafin a iske shi tsaye gaban ruwan dorina, ko a jikinsa, wai yana jira ta fito ta sake yin hamma. Tun daga ranar, duk inda za mu shiga taro sai na rubuta sunan yaro da lambar salulata a takarda na sa masa a aljihu, kuma kowane babba a ce masa ga yaron da ke hannunka. In aka ce kowa ya sa ido, to ba mai sa ido.

Abu_Sumayya
Ni tambayata daban ce, kuma ba don in ɓata wa kowa rai ba. Na ji an ce akwai mutum-mutumi na yumɓu da mutanen da suke binnewa tare da matattu, da kayan bori da layu. Kuma ana gaya wa yara ƙasusuwan nan sun yi shekara miliyan kaza. Yaro ɗan shekara 5 da ko Fatiha bai gama riƙewa ba, ya dace a fara cusa masa irin wannan? Ina neman a fahimtar da ni.

Malam_na_Zongo
Malam Abu Sumayya, tambayarka a kan hanya take. Abin da zan ce, a cikin suratul Ankabut, aya ta 20, an umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah ya fara halitta. Ƙashin dabbar da ta fi ɗaki tsawo, wadda ba wanda ya taɓa ganinta da rai, in yaro ya tsaya ƙarƙashinsa ya ɗaga kai, uba ya ce masa wanda ya halicci wannan shi ya halicci tururuwa, ai ka yi masa darasin tauhidi da ba zai manta ba. Kayan mutanen da kuwa ba don a bauta musu aka ajiye su ba. An ajiye ne a san yadda waɗanda suka riga mu suka zauna. Abin da ya rage shi ne wa ke tsaye kusa da yaron yana yi masa bayani. In ka sake shi shi kaɗai, ko a cikin salula zai ga abin da ya fi wannan.

Abu_Sumayya
Na gode Malam. Maganar ƙasusuwa na karɓa. Ɗakin mutum-mutumin dai ni zan kewaye shi da nawa yaran sai sun ƙara hankali. Kowa da yadda yake tafiyar da gidansa.

Ɗaliba_Harobanda
Ina karatun ilimin duwatsu da ƙasa a jami'ar Abdou Moumouni, bari in sa baki kan ƙasusuwan, don na sha jin iyaye a wurin suna ce wa yara wai Turawa ne suka kawo su daga ƙasarsu, wasu kuma su ce ƙashin raƙumi ne aka haɗa. Daga ƙasarmu aka tono su. Akwai wani wuri cikin Tenere, kudu maso gabas da Agadas, ana ce masa Gadufawa. Can wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi aiki tun tsakiyar shekarun 1960, ya fito da dinozor ɗin da aka sa wa suna Ouranosaurus nigeriensis, kun ga har sunan Nijar ke ciki. Daga can ne kuma aka samo katon kadan nan, Sarcosuchus, wanda tsawonsa ya haura mita 9, ya rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce. Mai dogon wuyan kuma, Jobaria, daga wajen Ingal yake, wani Ba'amurke Paul Sereno da tawagarsa suka bayyana shi a 1999. Akwai ma wani, Nigersaurus, mai haƙora wajen 500 a baki.

Abin da ya fi burge yara in aka faɗa musu shi ne, inda yau babu ko ɗigon ruwa, a da koguna ne da kifi da kada. Ki sa mai shekara 5 ya auna kan kadan da takunsa, ya ƙirga. Ki sa babbar ta zo da kaye da fensir ta zana wanda ya fi burge ta.

Kuma Hajiya, ku mutanen Adar kuna zaune kan irin wannan tarihi. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙarƙashin teku ya taru, shi ya sa ake tsintar bawon dabbobin ruwa da ya zama dutse a tsaunukan yankinku. In kun koma gida yaran za su fara duban duwatsu da wani ido.

Baban_Walid
Allah ya ba da sa'ar karatu ƙanwata. Haƙora 500! Wannan ko asuwaki sai an ɗauko masa ma'aikata.

Direban_Agadas
Ba wanda ya ambaci iccen Tenere. Ni in na kai yara can nake fara tsayawa, ko da yake ido ba zai ga komi ba sai busasshen kututture a cikin ɗan ɗaki. Labarin ne abin. Icce guda tilo a tsakiyar hamada, kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, a yi kwanaki bisa raƙumi ba a ga wani ba. Buzaye ba su taɓa karya reshensa sun dafa shayi ba, ba su bar raƙumi ya ci ganyensa ba. Har a taswira an sa shi. Da aka gina rijiya kusa da shi aka iske saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ni direba ne, kuma abin kunya ga sana'armu, mota ce ta kashe shi.

Sani_Kabukabu
Ni na ji an ce sojan Faransa ne suka sare shi lokacin mulkin mallaka.

Direban_Agadas
A'a Sani. A 1973 ne, shekara 13 bayan ƴancin kai. Direban babbar mota ne ya banke shi, duk faɗin hamadar nan bai sami inda zai bi ba sai kan icce guda. A watan Nuwamba na shekarar aka ɗauko gawar iccen aka kawo Yamai. Yanzu na ƙarfe ne aka kafa a gurbinsa. Yara na son labarin nan ƙwarai, sai dai ka shirya amsa, don tambayar farko ita ce an kama direban ko ba a kama shi ba, ta biyu kuma ko iccen ya ji zafi.

Maman_Ukku_Tawa
Kai, na gode ƙwarai jama'a, ban zaci za a amsa haka ba. Na karanta wa maigida ta Alhaji Mai Taya, ya ce ga mutum mai hankali. Na karanta masa ta Mushe, ya yi shiru. Amma ga wata damuwa. Ni lakwal ɗina bai yi nisa ba, Faransancina na kasuwa ne, kuma na ji bayanan da ke jikin kayan da Faransanci aka rubuta. In yara suka tambaye ni ban sani ba fa? Sannan uwar mijina ma za ta zo bikin, tsohuwa ce amma da ƙarfinta, ban sani ba ko a bar ta gida ko a tafi da ita. Maganar Doso kuma har yanzu ba wanda ya taɓa.

Tsoho_na_Illela
Ɗiyata, ki tahi da tsohuwa. Ita ce takardar da kike nema. Ni da munka tahi da jikokina, mun shiga wajen bukkokin nan da anka gina na Hausawa da Zabarmawa da Hulani da Buzaye, sai na ga rumbu irin wanda ubana ya gina da hannunai, da akushi, da dutsen niƙa, da ƙwarya ta jere. Ban duba rubutun kowa ba. Na zamna na hwaɗa musu yadda uwata ka tashi tun assalatu ta yi niƙa, da yadda aka ɗaukar amarya bisa doki. Yaran ga da ba su saurare na a gida, ran nan sunka yi tsit. Har wasu ɗiyan mutane da ban sani ba sunka taru suna ji.

Abin da ka ba ni haushi shi ne, kayan ga duk muna da su a Adar, mun watsar. Tsohuwa ta rasu, a kwashe taskira da hwaihwai da tasoshin jan ƙarhe a sayar ma dillali ko a bar ma gara, a sawo roba. Sannan mu biya kuɗin mota mu zo Yamai kallon abin da munka zubar.

Ummu_Hanan227
Baba wallahi ka taɓa inda ke mini ciwo. Kakata tana da wani zanen saƙi da aka yi mata na aure, da ta rasu aka yi ta shimfiɗa shi ana shanyar kuka har ya ƙare.

ƳarDoso
Ga ni, ni ce ta Doso. Gaskiya ne muna da gidan tarihi na jiha, kuma akwai masu sana'ar hannu tare da shi. Ƙarami ne in aka gwada da na Yamai, kayan tarihin Zabarmawa da na sarautar Zarmakoy, wato sarkin Doso, ne ƙarfinsa, kuma ƙanƙantarsa alheri ce ga mai ƙananan yara, don za a gama kafin kowa ya fara kuka. Ga fadar Zarmakoy a cikin gari, wadda aka gina tun 1904, ko daga waje aka tsaya an ga abin kallo. Amma Hajiya, a wace mota za ku? In bas ce ta kamfani, tsayawar Doso ta salla ce da sayen abinci, ba mai jiran ki ki je kallo. In motar gida ce, Doso na wajen kilomita 140 daga Yamai, kuna iya tashi da asuba ku tsaya ku huta a nan. Sai dai kada ki ce wa yara wannan madadin wancan ne. Wanda aka yi wa alkawarin dinozor ba ya karɓar sirdin doki.

Bature_Baƙi
Tunda hanyar Doso za ku bi, me zai hana ku ratse Kure ku nuna musu raƙuman dawa? Kilomita 60 ne kawai daga Yamai. Su ne na ƙarshe irinsu a duk Afirka ta Yamma, a 1996 saura 49 suka rage, yanzu sun haura 600. Dabba a dajinta ta fi dabba a keji sau dubu.

Inna_Talaje
Da yara uku da tsohuwa? Ka manta abin da ya faru can a watan Agusta na 2020, da aka kashe mutum 8? Ni ban ce kada kowa ya je ba har abada, amma ba a ratse daji da iyali don wani a zaure ya ce. In Allah ya sa sun hango su daga kan gudro, to, a rage gudu a nuna wa yara ta taga.

Bature_Baƙi
Ban manta ba Inna. Na karɓi gyara a kan yara. Amma ra'ayina kan keji na nan.

Mushe_Ritaya
A kan Faransanci, ɗiyata, kada ya dame ki. Akwai masu yi wa baƙi jagora, kuma a Yamai da wuya ki rasa mai jin Hausa. Ga ƴarki mai shekara 8, ai ta fara karatu. Ki ce ta karanta maki abin da aka rubuta ta fassara. Za ta yi tuntuɓe, za ta ƙirƙiri rabi, amma ranar za ta ji ita ce babba, ta karanta wa uwarta da kakarta. In kuma an yi tambayar da ba mai amsa, a rubuta a kaye a kai wa mushenta bayan hutu. Mu malamai muna jin daɗin irin wannan, ko da wani lokaci mu ma sai mun je mun bincika.

Mutum-mutumin da Malam Abu Sumayya ya ambata, na Bura ne, wajen Tera. A 1975 aka gano wurin, masana na ƙasarmu suka yi tono a 1983, aka sami tukwanen binne mutane da kawuna na yumɓu da wani mahayin doki. Mutanen da suka yi su sun rayu ɗaruruwan shekaru kafin a kafa yawancin garuruwan da muke taƙama da su. Ɓarayin kayan tarihi sun kwashe da yawa sun sayar a Turai, don haka wanda ya rage a hannunmu ni ina ganin ya kamata ɗan ƙasa ya san da shi. Amma na yarda ba darasin ɗan shekara 3 ba ne.

ƊanArlit
Akwai ɗakin yuraniyom ma. Ni nan na kai nawa na nuna musu irin aikin da kakansu ya yi. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, mahaƙar Akokan kuma an rufe ta a 2021. Yaran birni sun san sunan a rediyo kawai. Ga ƙananan yara dai ba zai riƙe su ba, su hular kwano da hoton manyan motoci kawai suke kallo.

Alhaji_Mai_Taya
Kun gani ko? An fara da kai yara su ga zaki, yanzu an kai ga Doso da Kure da yuraniyom da kaye da fensir. Haka ake yi wa mutum. Ni har yanzu ina cewa auta a bar shi gida wajen gwaggo. Mai shekara 3 ba kallo zai yi ba, shi za a yi ta kallo. In an rage shi, uwar ta samu hannu ta kula da biyun da za su gane wani abu.

Tanti_Yantala
A nan kam Alhaji ka yi kusa da gaskiya, sai dai ka gwada fita da yara biyu ka bar na ukun yana kallon ku daga bakin ƙofa. Kukan da zai yi gwaggon ce za ta kira ku a salula kafin ku kai gadar Kennedy. Ni na fi ganin a tafi da shi, a sa rai awa biyu zuwa uku ne, ba wuni ba. Da an ga ya fara murza ido a juya, ko da rabin wurin ba a gani ba. Kuskuren da iyaye ke yi shi ne sun biya tike sai sun ga komi. Su ja yaro daga ɗaki zuwa ɗaki yana kuka suna yi masa tsawa, ya koma gida abin da ya riƙe game da gidan tarihi shi ne an mare shi a can.

Hadiza_Lazare
Don Allah a ƙara da wannan: a hana yara jifar birai da tsokanar su da kara, kuma kada a ɗaga yaro a ɗora shi kan shinge don hoto ya yi kyau. Manya ne ma suka fi yi. Na ga wani magidanci da gemunsa yana miƙa wa biri leda wai ya ga abin da zai yi. Yaro na ganin ubansa ya yi, shi ma zai yi, kuma biri ya fi shi saurin hannu.

ƊanBukoki
Ku bi ta wajen masu sana'a ko ba za ku saya ba. Maƙeran azurfa na zaune suna aiki a gabanka, da dukawa da masaƙa. Ɗana ya fi daɗewa gaban masaƙi fiye da gaban zaki, yana kallon yadda ƙafa ke taka abu hannu na jefa ƙoshiya. Da muka koma gida ya kwance mini igiyar shanya wai zai yi zane.

Alhaji_Mai_Taya
"Ko ba za ku saya ba." ƊanBukoki, kana da aure kuwa?

Baban_Walid
Ni dai a koma kan maganar farko, dabbobi za a fara. Hajiya in kin je ki gwada tawa, ki dawo ki ba da shaida a gaban Tanti.

Tanti_Yantala
Ta raba su biyu mana, tunda manya uku ne in maigida ya yarda ya je. Kaka ta ɗauki babbar su yi wajen bukkoki da tufafi, uba ya ɗauki na tsakiya su yi wajen zakinsa, uwa da auta su zauna inuwa kusa da ƙasusuwan, a haɗu can. Sai dai a tabbata kowa salularsa na da caji, kuma tsohuwa a samo mata wurin zama tun ba ta nema ba, don irinsu ba sa faɗin sun gaji sai ƙafa ta kumbura.

Sani_Kabukabu
In taksi za ku shiga ku ce Muze kawai, kowa ya sani, kusa da otel Gaweye ne. Ku shida har da tsohuwa, mota guda ba za ta ɗauke ku a kuɗin kujera ba, ku yi ciniki a ɗauke ku gaba ɗaya tun kafin ku shiga.